Karatu Daga Gida: Wa Zai Riƙe Wa Ɗalibi Jan Biro?

A da, idan aka ce yaro ya samu jami'a, kowa a Daura ya san abin da zai biyo baya. Za a ɗaure masa akwati da 'yar katifa, uwa ta haɗa masa ƙuli-ƙuli da yaji da garin kwaki, a raka shi tasha ya hau motar Kano ko Zariya ko Sakkwato, ba a sake ganinsa sai hutu. Yanzu an samu wani irin ɗalibin jami'a da ba a raka shi ko'ina. Da safe yana gaban allo yana koyar da 'yan aji uku, ko tana ɗakin awo tana duba masu juna biyu, ko yana zaune a shago yana jiran ciniki. Sai bayan isha'i, an kwashe kwanuka, yara sun yi barci, sannan a ɗauko waya a buɗe darasi. A unguwarmu ta Kusugu irin waɗannan ɗalibai sun daina zama abin mamaki, kuma akasarinsu magidanta ne da matan aure.

Na daɗe ina koyar da Hausa a sakandare, shi ya sa duk wanda ya yi ɗan rubutu a kusa da mu, labari ko waƙa, yakan biyo da shi zaurena ya ce in duba masa. Abin da nake gani a takardun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. Masu karatu daga gida sun fi kowane ɗalibi abin rubutawa, domin rayuwa ta riga ta gasa su, kuma sun fi kowane ɗalibi rashin wanda zai karanta abin da suka rubuta ya gaya musu gaskiya. Ina ganin za a iya toshe wannan giɓi ba tare da an kashe maƙudan kuɗi ba, in dai jami'o'in da mu mutanen gari mun ga dama.

Bari in fara kawar da wata magana da nake yawan ji a majalisa, wai digirin karatu daga gida na masu neman takarda ne kawai don ƙarin girma a ofis. Mai faɗin haka bai san tarihin abin ba. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a 1984, ta yi shiru har sai da Cif Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Shi Obasanjon da kansa, bayan ya sauka daga mulki, ya koma ya zama ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a fannin addinin Kirista a 2018. A ƙarshen 2018 ɗin kuma Buhari, da ya dawo kan mulki, ɗan garin nan, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a kan dokar da ta gyara matsayin jami'ar, ta daidaita ta da sauran jami'o'in ƙasa. Yau hedikwatarta tana Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu fiye da 100, har da na cikin gidajen gyaran hali irin su Kirikiri da Kuje, inda ɗaurarru ke karatu ba tare da sun biya kuɗin makaranta ba. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da tata cibiyar karatu daga nesa a Zariya. Tun kafin duk wannan ya yaɗu, malaman firamarenmu da yawa ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, suka samu takardar NCE suna kan aikinsu. Nelson Mandela ma yana tsare ya kammala digirinsa na lauya da Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989, ta hanyar aika takardu. Ni dai mutumin da ya wuni yana aiki, ya ciyar da iyali, sannan ya hana idonsa barci ya ci jarrabawa, ina ganin girmansa fiye da yadda ake ba shi.

Amma sai ka matso kusa za ka san nauyin da ke kansa. Kuɗin data yana cikin lissafin cefane. Idan babu wuta, wayar tana wurin mai caji har magariba, darasin kuma yana cikinta. Wanda idonsa ba ya jure wa ƙaramin rubutu sai ya kai shagon kwamfuta a buga masa littafin kwas, shafi-shafi yake biya. A NOUN kowane kwas yana da littafinsa da aka tsara, ana iya sauke shi daga intanet, akwai kuma malaman da ke ganawa da ɗalibai ta intanet ɗin su yi musu bayani. Akwai aikin gida da ɗalibai ke kira TMA, ana amsa shi ta waya ko kwamfuta, yana ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma 70. 'Yan shekarar farko da ta biyu a kwamfuta suke jarrabawa, na gaba da su kuma da biro da takarda. Ɗan Daura da cibiyarsa ke Katsina zai yi sammako ya bi ta Shargalle da Mashi, tafiyar wajen kilomita 80, ya zauna a ɗaki ɗaya da mutanen da suka shekara suna karanta littafi guda amma ba su san sunan juna ba. Ana fitowa kowa ya yi tasha da sauri, domin gobe akwai aiki.

Abin da ɗalibin cikin harabar jami'a ke samu a arha, shi wannan ba ya samu ko da kuɗinsa. Ina nufin hirar gindin bishiya bayan lacca, da gardamar ɗakin kwana, da abokin da zai fizge takardarka ya karanta da ƙarfi, ya tsaya a tsakiya ya ce maka wannan wurin ƙarya ne, babu uwar da ke yi wa ɗanta magana haka. Ga mai karatun lissafin kuɗi ko mulki wataƙila rashin wannan bai zama babbar asara ba. Ga mai son ya zama marubuci, rabin karatun ke nan ya tafi.

Ban ga laifin tsarin ba. Jami'ar da ɗalibanta ke warwatse daga Badagiri har Baga dole ta nemi hanyar da na'ura za ta yi maki cikin sauri da adalci, kuma tambayoyin canki-canka da na cike gurbi suna da amfaninsu. Da su za ka gane ko ɗalibi ya san mene ne jigo, mene ne salo, mene ne zubi da tsari, ko ya san wanda ya rubuta Ganɗoki. Sai dai ɗalibi yana iya cinye waɗannan tambayoyi kaf, ka ba shi farar takarda ka ce ya sa mutum biyu su yi faɗa a kan gadon gona, ya kasa fitar da shafi ɗaya da za a karanta har ƙarshe. Koyon rubutu kamar koyon ɗinki ne a wurin tela: sai ka ɗinka da hannunka, maigida ya juya rigar ya duba ciki, ya sa reza ya farke inda ya karkace, ya miƙo maka ya ce sake. Littafin kwas komai kyansa ba ya farke wa kowa ɗinki.

Akwai 'yar ƙanwata, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Ɓaure, matar aure mai 'ya'ya, tana neman digiri a ɗaya daga cikin jami'o'in nan na nesa. Karatunta na fannin lafiya ne, babu ruwansa da adabi, amma tun tana sakandare take rubuce-rubuce. Wata Juma'a da ta zo gaida uwarta, ta biyo ta zaurena da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa duk ya sha hannu, ta ajiye a gefen tabarma ta ce, "Kawu, in ka samu sarari ka duba mini. Don Allah kar ka nuna wa kowa."

Labarin wani attajiri ne a Abuja, da jerin motoci a ƙofar gida, da budurwar da ake kai wa Dubai sayayya. Hausarta tsaf, ƙa'idojin rubutu ba laifi, amma na kai ƙarshe ban ji numfashin mutum ko ɗaya ba. Da ta dawo na ce mata, "'Yar nan, kin taɓa shiga irin gidan nan da kika siffanta?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ina fa, Kawu! Ai haka ake rubutawa. Shi masu karatu ke so."

Na ce, "To bar wannan. A asibitinku me ya faru makon jiya?"

Sai ta gyara zama. Ta ba ni labarin wata mata da aka kawo cikin dare a amalanken shanu, naƙuda ta yi tsawo, mijin ya tafi ci-rani ba a samunsa a waya, daga ita sai uwar mijin da wani ƙaramin yaro mai riƙe da fitila. Abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, dole a nemi mota zuwa gari, mai motar kuma ya faɗi kuɗinsa. Tana magana hannunta yana motsi, muryar tsohuwar daban, muryar direban daban. Ban katse ta ba har ta dire. Na ce, "Wannan fa, me ya hana ki rubuta shi?"

Ta ce, "Kawu, wa zai karanta labarin ƙauye?"

Na ce ni zan karanta, ta je ta rubuto. Da ta kawo, akwai inda ta sa cewa uwar mijin ta shiga tsananin tashin hankali. Na zagaye jimlar da jan biro na tambaye ta, me ta gani da idonta har ta san hankalin tsohuwar ya tashi? Ta yi shiru, can ta ce tsohuwar tana ta kwance bakin zaninta tana ƙirga kuɗin da ke ciki, ta ɗaure, jim kaɗan ta sake kwancewa ta ƙirga, alhali ta san ba su ƙaru ba. Na ce mata ta rubuta wannan, ta goge wancan. Na kuma ja kunnenta a kan amana: ta sauya ƙauyen, ta sauya shekaru da kamanni, kada wani ya karanta ya gane ko wace ce, domin sirrin majinyaci yana wuyan ma'aikacin lafiya ko da ya zama marubuci.

Tambayar nan da na yi mata babu littafin kwas da zai iya yin ta, saboda daga jimlarta ta fito, jimlar kuwa ba ta wanzu ba lokacin da aka buga littafin. Kuma ba wata gwaninta na yi ba. Duk malamin Hausa ko marubucin da ya zauna da takardar zai yi irinta. Abin da ke damuna shi ne ita tana da kawu malami a bakin ƙofa. Ɗan sandan da ke aiki a Kongolam fa, ko malamar islamiyya a Sandamu, ko mai sayar da magani a Zango, waɗanda su ma suke da irin wannan littafi a ƙarƙashin katifa?

Wanda ya bi tarihin rubutun zube na Hausa zai ga cewa tun tushe da mai dubawa aka fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai, aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa a makarantu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Dubi su waye su: ma'aikata ne, akasari malaman makaranta, masu rubutu bayan an tashi aiki. Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin. Da aka zo Magana Jari Ce, sai da ya tafi Zariya a 1936 ya zauna kusa da East, yana rubutawa ana dubawa ana tattaunawa. Baiwar tasa ce, ba wanda ya ba shi, amma ta samu wanda ya zauna ya karanta ta da idon basira.

Haka aka sake yi a Kano wajen ƙarshen shekarun 1980. Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, ta ajin yamma na manya ya bi ya yi boko. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mai Alhaki Kuykuyo Ne, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ajin manya ta ci gaba. Da a zamanin nan suka taso, irinsu ne za ka tarar suna layin rajista a cibiyar karatu daga gida. Abin da ya tallafe su shi ne haɗuwa da juna a ƙungiya irin Raina Kama, suna taimakon juna wajen bugawa da kai littafi kasuwa. Mawaƙa ma haka suka yi a ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin. A Kudu, Chinua Achebe a mujallar ɗalibai ta Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya fara fitar da gajerun labaransa, Ngugi wa Thiong'o kuma a mujallar Penpoint ta Makerere a Yuganda. Ƙaramar mujallar ɗalibai da ake bugawa a takarda mai arha ta haifi manyan marubuta fiye da yadda ake zato.

Wani zai ce ai yanzu waya ta raba gardama, ga WhatsApp ga Facebook ga Wattpad, marubutan intanet suna sakin shafi yau, kafin gari ya waye ɗaruruwa sun karanta, wasu har kuɗi suke biya a sa su a zauren da ake sakin labarin. Gaskiya ne, kuma ina murna da shi, domin ya sa mata da yawa da ke cikin gida sun zama masu karatu da rubutu da Hausa, wasu har suna samun na kashewa. Amma na duba abin da masu karatun ke mayarwa: yabo, da addu'a, da roƙon a ci gaba da wuri, da neman a hukunta kishiya a shafi na gaba. Babu mai cewa babin nan ya yi tsawo, ko tauraron nan ya sauya hali ba dalili. Marubuciya kuma da ta ga abin da ake tafa wa, shi za ta ƙara. Ta haka attajirin Abuja ya shigo littafin 'yar ƙanwata, ya ture matar da ke cikin amalanke. Ga shi kuwa lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Idan aka samu alƙalan da suka zauna suka karanta da natsuwa, labarin talaka ba ya faɗuwa ƙasa.

Mu mutanen Daura ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin garinmu da labari aka san shi. Ɗalibai suna zuwa daga nesa cikin motocin makaranta su tsaya a bakin rijiyar Kusugu, a ba su labarin baƙon da ya sauka cikin dare ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya kashe shi, ya auri Daurama, daga tsatsonsa aka samu sarakunan Hausa Bakwai. Masana tarihi irin su Farfesa Abdullahi Smith na Zariya sun yi tambayoyi masu nauyi a kan iyakar abin da za a ɗauka a matsayin tarihi a cikinsa, wannan fagensu ne. Ni abin da nake lura da shi a matsayina na malamin adabi shi ne mai ba da labarin yana kallon fuskokin masu sauraro. Inda ya ga ido ya buɗe sai ya ja, inda ya ga an fara waige-waige sai ya taƙaita. Shekaru aru-aru ana yi wa labarin nan irin wannan gyara a gaban jama'a, shi ya sa babu wani abu da ya yi saura a cikinsa wanda ba ya aiki. Mai rubutu shi kaɗai a ɗaki da hasken waya ba ya ganin fuskar kowa, dole a samo masa ita.

Kuma Daura ta yau tana jiran marubutanta. Sarautar garin an rubuta ta, akwai Girgam, akwai babban littafin M. G. Smith da ya fito da Turanci a 1978. To amma wa zai rubuta abin da ya faru a gidajen Mai'aduwa da Kongolam da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, ko da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, alhali akwai mutanen da gonarsu ko surukansu ke ɗaya ɓangaren? Wa zai rubuta dillalin shanu a kasuwar Lahadi ta Mai'aduwa a farkon 2023, ga dabba ga mai saye amma babu takardar kuɗi a hannun kowa? Wa zai rubuta yadda gari ya cika da baƙi da jiniya shekara takwas ɗin mulkin Buhari, da yadda ya koma bayan nan? Masana za su zo su yi bincike su fitar da alƙaluma. Yadda abin ya yi a cikin ɗaki, tsakanin miji da mata, tsakanin uba da ɗa, sai wanda ya zauna a ɗakin. Mutanen nan kuwa su ne masu buɗe darasi bayan isha'i.

Abin da nake roƙon jami'o'in karatu daga nesa ba shi da yawa. Duk kwas ɗin da ya shafi ƙagaggen rubutu, da Hausa ne ko da Turanci, a sa kaso mai tsoka na makinsa ya fito daga labari ko waƙa ko wasan kwaikwayon da ɗalibi ya rubuta, malami ya karanta ya mayar masa da gyara, ya sake rubutowa, a duba tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, wadda aka kafa a 1969, haka take koyar da rubutu daga nesa: ɗalibai suna cikin ƙananan rukunai, kowane rukuni da malaminsa da ke karanta aikin kowa ya rubuta masa sharhi, su ma ɗaliban suna duba na juna. Nisa bai hana ba. Kuma NOUN ba baƙuwar adabin Hausa ba ce. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, yana cikin waɗanda suka tsaya wa matasan marubutan Kano a muhawarar da aka tafka a jaridu da su Farfesa Ibrahim Malumfashi, kuma Ibrahim Sheme, marubucin 'Yartsana, ya riƙe sashen yaɗa labaranta. Gidan da irin waɗannan suka zauna bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi amfanin mujallar ɗalibai ba, ko da sau ɗaya ce a shekara, ko da a intanet kawai za ta fito, a buɗe ta ga ɗalibin kowane fanni.

Na san za a ce wa zai biya masu karantawa. Tambaya ce mai kyau, kuma ba na goyon bayan a ɗora wa malami ƙarin aiki a kyauta. Sai dai masu ɗaukar kwas ɗin rubutu ba su kai masu ɗaukar darussan gama-gari yawa ba, kuma jihar nan tana da mutanen da za su iya: malaman harsunan Nijeriya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da na kwalejojin ilimi, da 'yan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, da tsofaffin malaman sakandare da suka yi ritaya suna zaune. A ɗauke su aikin wucin gadi a biya su gwargwadon takardun da suka duba. Za a kuma ce ɗalibi zai kwafo labarin wani, ko ya sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa. Wannan ma dalili ne na yin abin da nake faɗa. Wanda aka ce ya kawo rubutun farko da na biyu, ya tsaya gaban mutane ya karanta, a tambaye shi me ya sa tauraruwarsa ta ƙi komawa ɗakinta, in ba shi ya haifi labarin ba, ba zai kai minti biyar ba asirinsa zai tonu.

Ragowar aikin namu ne, ba sai mun jira Abuja ba. Azuzuwan firamare a kulle suke ranar Asabar. Garin nan yana da kwalejin Yusufu Bala Usman, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da Jami'ar Sufuri, kowace da ɗakunan da za a iya ara na awa biyu a wata. Zaman mata a yi shi da hantsi, mace ta jagorance shi, a wurin da maigida zai yarda matarsa ta je hankalinsa kwance, wadda ba ta samu fitowa ba ta aiko da nata a karanta a mayar mata da sharhi ta saƙon murya. Ina kuma miƙa kokon bara ga Majalisar Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, da ta duba yiwuwar sa gasar gajeren labari a lokacin Sallar Gani, da sharaɗin labarin ya faru a ƙasar Daura, a Daura ko Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure ko Sandamu, a tara waɗanda suka yi fice a buga su littafi guda. Abin da za a kashe bai kai kuɗin kayan doki ɗaya na hawa ba.

Ni a nawa ɓangaren, zaurena a buɗe yake ranar Asabar bayan la'asar ga duk mai karatu daga gida da ke rubutu, ko wane fanni yake karanta. Sharuɗɗana uku ne. Ya taho da abin da bai wuce shafi biyar ba, ya yarda zai karanta shi da bakinsa a gaban waɗanda suka zo, kuma duk wanda aka duba masa nasa, mako mai zuwa shi zai tafi gida da na wani ya dubo.